Estar fosfet: sinadarin wankin da soda ba ta iya tsinkewa, da yadda ake haɗa shi

Duk macen da ta taɓa haɗa sabulu a gida ta san abin da soda ke yi wa mai. A zuba ruwan soda a kan man alayyadi ko man gyaɗa, a yi ta juyawa, kafin wani lokaci man ya daina zama mai. Ruwan tokar da ake tacewa don sabulun salo ma haka yake yi, sai dai shi a hankali. Abin da ke faruwa a cikin robar nan shi ne sodar tana tsinke wani ƙulli da masana sinadarai ke kira esta. Ana samun wannan ƙulli ne idan asid ya haɗu da alkohol suka fitar da ruwa, kuma man girki da kitsen dabba duk da shi aka ɗaure su. Soda kuwa ba ta ga-maciji da shi.

Ga masu masana'anta akwai wankin da ba ya yiwuwa sai da soda mai kaifi: kwalaben lemon da ake mayarwa kamfani, bututun da madara ke bi a inda ake sarrafa nono, ƙarfen da za a fesa wa fenti, murhun gidajen abinci da maiƙo ya ƙone a jikinsa. Kwalaben lemo ana jiƙa su ne a ruwan soda mai ƙarfin kusan kashi 2 cikin ɗari, da zafin da kan kai digiri 80. Soda kaɗai ba ta gama aikin, sai an ƙara sinadarin da zai sa ruwan ya ratsa datti ya ɗago maiƙo. Matsalar ita ce, idan aka zuba yawancin sinadaran wanki cikin jarkar da ke da soda mai kauri, wasu lalacewa suke yi, wasu kuma su ware su taso sama kamar man shanu a kan nono. Daga cikin 'yan kaɗan ɗin da ke zama daram a irin wannan ruwa, har ma su riƙo sauran su hana su warewa, akwai wata esta. Abin da ban mamaki, tunda esta ita ce abincin soda. Sunanta estar fosfet.

Tushenta asid ɗin fosfarik ne, H3PO4, wanda ake ɗan ɗiga wa lemon kola don ya ba shi tsami. A ɗauke shi a matsayin ƙwayar fosfaras guda mai hannuwa uku a buɗe. Kowane hannu zai iya kama doguwar jela ta kabon, irin wadda ke ƙin ruwa tana son maiƙo. In hannu ɗaya ya kama, an sami mai jela ɗaya. In biyu suka kama, mai jela biyu. In duka ukun, mai jela uku. Hannun da bai kama komai ba yakan saki haidirojin ɗinsa a cikin ruwa ya zama mai cajin lantarki, kuma wannan cajin ne ke sa kan ƙwayar ya so ruwa yayin da jelar ke nutsewa cikin maiƙo. Ɗan tsakani ke nan, ƙafa ɗaya a gidan ruwa, ɗaya a gidan mai.

Cajin nan kuma shi ne garkuwarta. Ɓangaren sodar da ke kai hari ya tsinke ƙulli yana ɗauke da caji irin na kan fosfet ɗin, kuma caji iri ɗaya ture juna yake yi, kamar bakin maganaɗisu biyu masu kama da juna. Sai sodar ta kasa matsowa kusa. Hujja ita ce mai jela uku, wadda ba ta da hannu ko ɗaya a buɗe, don haka ba ta da caji: soda tana cin ta da sauƙi fiye da 'yan uwanta. Frank Westheimer na Jami'ar Harvard ya yi amfani da wannan bayani a 1987 wajen nuna dalilin da ya sa ƙashin bayan sinadarin gado na DNA ya kasance estar fosfet mai hannu biyu a kame, ɗaya a buɗe: ƙulli ne da zai daɗe cikin ruwa bai warware ba. Fatar da ke kewaye da kowace ƙwayar halitta a jikinmu ma dangin wannan sinadari ce, haka lesitin ɗin da ke cikin gwaiduwar ƙwai. Masana'anta kwaikwayo kawai take yi.

A ganina duk wahalar wannan sana'a a wuri ɗaya take. Ba wanda ke iya umartar ƙwayoyin fosfaras su kama jela ɗaya-ɗaya su tsaya. Abin da ke fitowa daga tukunyar masana'anta kullum gauraye ne: mai jela ɗaya, mai jela biyu, ragowar asid da bai kama komai ba, ragowar alkohol da ba a kama ba. Kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Mai jela ɗaya ta fi narkewa a ruwa, ta fi kumfa, ta fi jure soda da gishiri. Mai jela biyu ta fi son mai, ta fi iya haɗa mai da ruwa su zauna tare, amma tana kashe kumfa, kuma in jelar doguwa ce da ƙyar take narkewa. Jarka biyu za su iya ɗauke da suna ɗaya a takarda, ɗaya ta yi aiki ɗaya ta ɓata haɗi, don kawai rabon da ke cikinsu ya bambanta. Hanyar da aka bi wajen haɗawa ita ce ke yanke rabon.

Kafin a zo ga hanyoyin, sai a san jelar. Kada kalmar alkohol ta tayar wa kowa da hankali. A kimiyya suna ne na babban dangi, kuma na barasa ɗaya ne tak daga cikinsu. Waɗanda ake amfani da su a nan masu maiƙo ne, ba a shan su. Mai kabon 12, wanda ake kira lauril, yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, mai kabon 16 kuwa kamar kyandir yake. Ana samo su daga man alayyadi da man kwakwa, akasari a Indonesiya da Malesiya da Filifin, ko kuma a ƙera su daga iskar etilin ta man fetur. Sau da yawa ba a kai su ga fosfaras kai tsaye, sai an fara ɗaura musu wasu gaɓoɓi na etilin oksaid, uku ko shida ko tara, a tukunya mai matsi da zafin da ya haura digiri 120. Gaɓoɓin nan suna ƙara wa jelar son ruwa da juriyar ruwa mai ƙin kumfa. A da, wata jela mai suna nonilfenol ce ta mamaye kasuwa saboda araha da ƙarfi, sai aka gano tana rikita sinadaran haihuwa na kifi, Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita a kayan wanki da dokar 2003 wadda ta fara aiki a 2005.

Hanyar da ta fi daɗewa kuma ta fi yaɗuwa ita ce ta farin garin fosfaras, P2O5. Gari ne fari fat, wanda ba a san abin da ya kai shi ƙishirwa ba sai kaɗan. In aka bar shi a buɗe yakan zuƙe danshin iska ya koma danƙo cikin ɗan lokaci, har daga jikin asid ɗin salfurik yana iya ƙwace ruwa. Lissafinsa a takarda mai tsafta ne: ƙwaya uku na alkohol da ƙwaya ɗaya ta garin suna ba da mai jela ɗaya guda da mai jela biyu guda, babu wani abu da ke fita a zubar. A mayar da shi kilo. In aka ɗauki kilo 558 na lauril aka ba shi kilo 142 na garin, za a sami kilo 700. A ƙidayar ƙwayoyi rabi da rabi ne, amma a kan sikeli ba haka ba, domin mai jela biyu ta fi nauyi: kilo 266 ne na mai jela ɗaya, kilo 434 na mai jela biyu. Wato kashi 38 da kashi 62. Mai saye da ya ji an ce rabi da rabi ya kamata ya tambaya, a ƙidaya ko a awo?

A cikin tukunya kuwa lamarin ba shi da wannan tsafta. Garin yana fitar da zafi mai yawa da zarar ya taɓa alkohol, don haka ba a juye shi gaba ɗaya. Ana barbaɗa shi ne kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i, injin juyawa yana aiki ba tsayawa, ruwan sanyi yana zagaya jikin tukunyar don a riƙe zafin a wajen digiri 40 zuwa 60, an kuma cika saman tukunyar da busasshiyar iskar naitirojin don kada danshi ya shiga. Wanda ya taɓa talge ya san abin da ke faruwa in aka zuba gari da yawa lokaci guda: gudaji. A nan gudajin ya fi na tuwo sharri. Bayansa yakan yi danƙo ya rufe, cikinsa kuma ya ci gaba da zafi, ya ƙona alkohol ɗin da ke kewaye da shi ta hanyar zuƙe masa ruwan jiki. Sai a ga haɗin da ya kamata ya fito kamar man gyaɗa ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, da wari. Don rage wannan ne wasu ke ɗiga asid ɗin haifofosfaras tun farko, wasu kuma su wanke launin a ƙarshe da haidirojin feroksaid, irin wanda ake wanke ciwo da shi amma mai ƙarfi.

Bayan an gama zuba garin, tsugune ba ta ƙare ba. Ainihin ƙwayar garin keji ne na fosfaras huɗu da gadoji shida na oksijin a tsakaninsu, shi ya sa wasu ke rubuta shi P4O10. Alkohol yana karya gadojin ne ɗaya bayan ɗaya. Na farko suna karyewa da gudu domin kejin a takure yake, na ƙarshe kuwa suna da taurin kai. Sai a ɗaga zafin zuwa digiri 80 ko 100 a bar shi ya yi sa'o'i. Duk da haka akan sami ragowar fosfaras biyu-biyu da ke manne da juna. In aka sayar da su a haka, a hankali za su ci gaba da karyewa a cikin jarkar mai saye, tsamin kayan ya riƙa canzawa wata bayan wata. Maganinsa a zuba ɗan ruwa a ƙarshe a ƙara dafawa, ruwan ya karya abin da ya rage.

Wannan ruwan ne ya ba mutane dabara. In ruwa yana iya karya gada kamar yadda alkohol ke yi, me zai hana a maye gurbin ɗaya daga cikin alkohol ukun nan da ruwa tun farko? A takarda, alkohol biyu da ruwa ɗaya da gari ɗaya suna ba da mai jela ɗaya guda biyu, zalla: kilo 372 da kilo 18 da kilo 142, jimla 532. A zahiri ruwan ba ya rarraba kansa da adalci. Wata ƙwayar fosfaras takan sha ruwa ta kowane ɓangare ta koma asid tsirara, wata kuma ta kama jela biyu. Rabon yana gyaruwa sosai, amma bai kai ga zalla ba.

Hanya ta biyu ta ɗauki wannan dabara ta kai ta ƙarshe. Maimakon gari, ana amfani da asid ɗin fosfarik mai sarƙa, wato folifosfarik, ruwa mai kauri kamar zuma wanda sai an ɗumama shi yake gudu a bututu. A kasuwa akan ga an rubuta masa kashi 105 ko kashi 115 cikin ɗari, abin da ke ɗaure wa baƙo kai. Ma'anarsa ita ce in ka ƙara wa kilo 100 na mai lamba 115 ruwan da yake buƙata, za ka sami kilo 115 na asid ɗin fosfarik tsantsa. An matse masa ruwa ne har ƙwayoyinsa suka riƙe hannun juna suka yi layi.

A ɗauki layin nan a matsayin rake mai gaɓoɓi. Kowace ƙwayar alkohol takan zo ta sare gaɓa ɗaya ta tafi da ita, an sami mai jela ɗaya. Wata ta zo ta sare ta gaba. Amma idan aka zo gaɓar ƙarshe, babu sauran mahaɗin da za a sara, sai ta zauna ita kaɗai a matsayin asid tsirara. Kowane sandan rake yana barin gaɓa ɗaya marar jela. In layin na ƙwaya biyu ne, rabin fosfaras ɗin ya tafi a banza. In na uku ne, kashi ɗaya cikin uku. Daga nan ake gane amfanin wannan hanya da aibinta a lokaci guda: mai jela biyu kaɗan ce ƙwarai, launi yana da kyau domin babu gudaji babu ƙuna, aikin ya fi sauƙi tunda ruwa ake turawa da famfo, amma ragowar asid tana da yawa. Ga mai haɗa ruwan wanke ƙasa ko na ƙarfe wannan ba wani abu ba ne, sodar da ke ciki za ta shanye shi. Ga mai haɗa sabulun fuska kuwa matsala ce, domin asid ɗin yakan koma gishirin da ke kwanciya a gindin kwalba ko ya gurɓata haɗin. Cire shi yana buƙatar wankewa da wani narkakken sinadari a raba shi gida biyu, sannan a tace, kuma kuɗi ne.

Mai karatu zai ce a tsawaita raken mana. Haka ne, amma gwargwadon tsawon sarƙar gwargwadon kaurinta, har ta kai inda famfo ba ya iya tura ta. Sai aka ɓullo da tsakiya: a dama farin garin a cikin asid mai sarƙar ya zama kamar kunu mai kauri, ko a fara narka asid mai sarƙar a cikin alkohol sannan a biyo da garin. Kowanne yana rufa wa ɗan uwansa asiri. Garin yana kama ragowar asid ya mayar da ita sarƙa mai aiki, asid ɗin kuma yana rage wa garin zafin kai. Da wannan ake samun mai jela ɗaya da yawa, ragowar asid da ta alkohol kuma kaɗan, ba tare da an yi wankin ƙarshe mai tsada ba. A nan ne kamfanoni suka fi ɓoye sirrinsu, domin bambancin yana cikin tsarin zubawa da zafi da lokaci, ba cikin kayan haɗin ba.

Hanya ta uku ta POCl3 ce, ruwa marar launi da ke hayaƙi in ya ji danshi, yana tafasa a wajen digiri 106. Shi hannuwansa uku duk kulorin suke riƙe da shi, kuma da son ransu suke sakin sa su kama jela. Ita kaɗai ce hanyar da ke kai wa ga mai jela uku ba wahala. Da ita ake yin tiribiyutil fosfet, wanda ake kashe kumfa da shi kuma ake raba yuraniyam da fulutoniyam daga tsohon makamashin nukiliya, da sauran dangi da ake sa wa roba don kada ta kama wuta. Ana iya tsayar da ita a jela ɗaya in an yi aikin cikin sanyi, sannan a kore ragowar kulorin biyun da ruwa. Sai dai kowace ƙwayar fosfaras tana sakin ƙwaya uku na iskar haidirojin kuloraid. Don samun kilo 266 na mai jela ɗaya ta lauril, sai an yi dawainiyar kusan kilo 110 na iskar da ke cin ƙarfe da huhu, wanda ke nufin tukunya mai rufin gilashi da hasumiyar tare hayaƙi. Ga kuma wani ɓangaren alkohol ɗin da ke komawa mai kulorin, wanda ba wanda ke so a kayan shafa. Ƙari a kan haka, sinadarin yana cikin jeri na uku na Yarjejeniyar Hana Makamai Masu Guba da ta fara aiki a 1997, don haka yinsa da cinikinsa suna ƙarƙashin sa ido. Masu kayan wanki sun fi barin ta ga wasu.

Akwai tambayar da ke zuwa wa kowa: asid ɗin fosfarik na yau da kullum ya fi duk waɗannan araha, me ya sa ba a dafa shi da alkohol kai tsaye? Domin malalaci ne. Sai an kai zafi can sama ana janye ruwan da ke fita kafin ya motsa, kuma a wannan zafi alkohol ɗin ya riga ya fara lalacewa. Duk hanyoyin ukun nan dabaru ne na sayen fosfaras da aka riga aka ɗana kamar tarko.

Abin da ke fita daga tukunya asid ne mai ƙarfi, ana sayar da shi a haka ko a kashe masa kaifi da soda, ko fotash, ko wani sinadari mai suna tirayetanolamin. Gishirin fotashiyam ya fi narkewa, shi ya sa ya fi yawa a kayan ruwa. In jelar mai gaɓoɓin etilin oksaid ce, akwai wani baƙo da ake tsoro, dayoksen, wanda ke samuwa idan asid da zafi suka gutsuro gaɓa biyu suka naɗe su zobe. Ana zargin sa da haddasa cutar kansa, ana kuma kore shi da tururi a ƙarƙashin zuƙar iska. Jihar New York ta Amurka ta sa doka cewa daga ƙarshen 2023 kada ya wuce kashi 1 cikin miliyan a kayan wankin gida da na wanka.

Yadda ake gane rabon da ke cikin jarka yana burge ni saboda sauƙinsa. A narka ɗan samfur, a riƙa ɗiga masa ruwan soda da aka san ƙarfinsa, ana duba ma'aunin tsami. Ma'aunin zai yi tsalle na farko idan an gama da hannun farko na kowa da kowa: asid tsirara, mai jela ɗaya, mai jela biyu. Tsalle na biyu yana zuwa idan an gama da hannu na biyu, wanda mai jela biyu ba ta da shi. Hannu na uku na asid tsirara ba ya nuna kansa sai an zuba kalsiyam kuloraid ya tilasta masa. Lamba uku ke nan, sauran aikin ɗebewa ne irin na 'yan firamare. Manyan ɗakunan gwaji suna da na'urar maganaɗisu da ke ganin kowane irin fosfaras daban, har da ragowar gadojin da ba su karye ba, amma tsohuwar hanyar ɗigon ba ta mutu ba.

Da duk wannan baiwa, ba estar fosfet ce ke wanke kaya a omon da muke saya ba. Tsada ce ta hana. Babban ma'aikacin garin wanki shi ne wanda masu haɗa sabulun ruwa ke kira salfonik, wanda ake yi daga wani sinadarin man fetur mai suna LAB. Har matatar mai ta Kaduna an gina wa sashen yin LAB a ƙarshen shekarun 1980. Estar fosfet 'yar ƙari ce, ana sa ta kaɗan a inda ake son juriyar soda, ko kare ƙarfe daga tsatsa tunda kanta yana manne wa ƙarfe ya yi masa riga, ko hana zare tara lantarki a masaƙa. Sunayen kasuwa irin su Rhodafac da Crodafos da Hostaphat da Triton H-66 duk nata ne. Inda ta taɓa zama uwargida shi ne sabulun fuska. Kamfanin Kao na Japan ya gano cewa mai jela ɗaya tana wanke fata ba tare da ta bushar da ita sosai ba, tana kuma aiki a tsamin da ya fi kusa da na fata, saɓanin sabulun soda mai kaifi da ke can wajen lamba 10 a ma'aunin tsami. Da ita ya fitar da Bioré a 1980. Buƙatar nan ce ta sa aka duƙufa neman hanyar da za ta ba da mai jela ɗaya kashi 80 ko 90, tunda mai jela biyu kashe kumfar take yi. Rauninta ɗaya da na sabulu: ruwan rijiya ko na burtsatse mai yawan kalsiyam yana kama ta ya kwantar.

Dole a raba ta da wani fosfet da ya fi ta suna. STPP ɗin da ake lissafa wa masu koyon haɗa sabulun ruwa tare da salfonik da teksafon ba esta ba ne, ba shi da jela, ba ya ɗago maiƙo da kansa. Sarƙa ce ta fosfaras uku da sodiyam biyar, aikinta ta kama kalsiyam da magniziyam na ruwa don sauran sinadarai su sami sarari. Ita ce ta sa garin Tide na kamfanin Procter & Gamble ya yi fice daga 1946, kuma a wancan zamani takan kai sulusin nauyin kwali ko fiye. Daga magudanar ruwa ta gangara tafkuna ta zama taki ga gansakuka, gansakukar ta ruɓe ta shanye iskar ruwa, kifi ya mutu. Tafkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada ya zama abin misali a shekarun 1960. A 1973 David Schindler ya raba wani ƙaramin tafki a arewa maso yammacin Ontario gida biyu da labule, ya zuba wa duka ɓangarorin kabon da naitirojin, ya ƙara wa ɗaya fosfaras. Wannan ɓangaren kaɗai ya koma kore shar. Suwizalan ta hana fosfet a garin wankin kaya a 1986. Tarayyar Turai ta ƙayyade ƙasa da rabin giram na fosfaras a kowane awon wankin kaya daga tsakiyar 2013, da giram 0.3 a na injin wanke kwanuka daga farkon 2017. Dokar fosfaras gaba ɗaya take ƙirgawa, ba ruwanta da ko daga STPP ya fito ko daga esta, amma kayan gida ta shafa, ba na masana'anta ba. Kuma nauyin bai zo ɗaya ba: kusan kashi 25 na STPP fosfaras ne, na estar lauril mai jela ɗaya bai kai kashi 12 ba, ga shi ita 'yar kaɗan ake zubawa.

Saura inda fosfaras ɗin kansa ke fitowa. Wani Bajamushe mai neman zinariya, Hennig Brand, shi ya fara ware shi a Hamburg a 1669 ta hanyar dafa fitsari. Yau daga dutse ake samun sa, kuma Maroko ce ke da kusan kashi 70 na ajiyar da aka sani a duniya. Togo da Senegal suna haƙa suna fitarwa, akwai shi kuma a yankin Sakkwato da na Tawa, inda aka yi ta gwada niƙa shi a zuba a gona. Yawancin dutsen duniya ana jiƙa shi ne da asid ɗin salfurik a sami asid ɗin fosfarik na yin taki, kuma in an tace wannan aka matse shi ana iya samun mai sarƙa. Farin garin da POCl3 kuwa ba ta nan suke biyowa ba. Duk yadda ka dafa asid ɗin fosfarik ba zai koma gari ba. Sai an zuba dutsen da gawayin kok da yashi a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 1,500, a tattara tururin farin fosfaras a ƙarƙashin ruwa domin yana kama wuta da kansa a iska, sannan a ƙona shi a busasshiyar iska ya zama gari, ko a haɗa shi da kulorin da oksijin a sami POCl3. Kowane tan na farin fosfaras yana cin wutar da ta kai megawat-awa 13 zuwa 14.

Shi ya sa masu irin wannan tanderu ba su da yawa: Sin, Biyetnam, Kazakistan da Amurka su ne manya. Na ƙarshe a Tarayyar Turai, kamfanin Thermphos da ke Vlissingen a Holan, ya durƙushe a 2012, kuma a 2017 Tarayyar ta sa farin fosfaras cikin jerin albarkatun da take fargabar yankewarsu. A Satumban 2021, da lardin Yunnan na Sin ya umarci tanderunsa su rage aiki da kashi 90 don tsimin wuta, farashin farin fosfaras ya ninka cikin 'yan makonni, kuma hanyar gari da ta POCl3 duk daga bakin waɗannan tanderu suke cin abinci.